Wace na'urar tsaro ya kamata a fara ɗaura wa ma'aikatan gini?

A 'yan shekarun nan kasuwa ta cika da ƙananan na'urori waɗanda ake maƙala wa ma'aikacin gini a ƙugu, ko a damtse, ko a jikin hular kwano, kuma kowane kamfani yana tallata tasa da cewa ita ce za ta ceci rai. Ɗan kwangilar da ke riƙe da ma'aikata hamsin ko ɗari, ko injiniyan da aka ɗora wa alhakin lafiyar mutane a filin aiki, ba shi da kuɗin sayen su duka, kuma ko da yana da shi bai kamata ya saya ba, domin ba aiki ɗaya suke yi ba. Kafin a kai ga maganar farashi akwai tambayoyi biyu da nake ganin su ne ke raba na'urar da ta cancanci kuɗinta da wadda za ta ƙare a cikin kwali a ofishin fili. Ta farko ita ce ko na'urar tana gargaɗi tun kafin cuta ta sami mutum, ko kuwa labari kawai take kaiwa bayan abin ya riga ya faru. Ta biyu ita ce ko ƙararrawarta tana kaɗawa a jikin ma'aikaci kai tsaye, ko sai saƙo ya bi ta intanet ya je wata kwamfuta sannan ya dawo.

Amurka na cikin ƙasashen da ke ƙidayar waɗanda suka mutu a bakin aiki da kulawa, shi ya sa alƙalumanta suke da amfani har ga mai gini a wata ƙasa. A 2022 mutum 1,069 ne suka rasu a harkar gini a can, kuma 395 daga cikinsu faɗowa suka yi daga sama. Hukumar OSHA, wadda ke kula da lafiyar ma'aikata a ƙasar, ta daɗe tana nanata cewa abubuwa huɗu ne suka fi kashe magina: faɗowa, da bugun mota ko kaya mai nauyi, da jan wutar lantarki, da matsewa tsakanin injina ko ruftawar rami. Abin da ya kamata mai saye ya sani tun daga farko shi ne, mafi girma a cikin huɗun nan, wato faɗowa, shi ne wanda na'urar sawa a jiki ta fi gaza hanawa, ko da yake ana tallata na'urarsa sosai.

Na'urar gano faɗuwa ƙaramin akwati ne da bai fi girman wayar hannu ba, ana soke shi a bel ko a gaban riga, kamar Spot-r na kamfanin Triax a Amurka, ko G7 na kamfanin Blackline Safety a Kanada. A cikinsa akwai ma'aunin motsi wanda ke gane lokacin da jiki ya nufi ƙasa babu abin da ya tare shi, sannan ya ji dukan saukar, sannan ya lura ko mutumin ya sake motsawa. Idan alamomin suka haɗu, saƙo zai tafi wayar foman ɗauke da sunan ma'aikacin da ɓangaren ginin da yake. Yawancin irin waɗannan suna da maɓalli ko abin ja da mutum zai nemi taimako da kansa. Akwai kuma masu kama da su da ake ɗaurawa a hular kwano, irin WakeCap da ake amfani da ita a manyan ayyuka a ƙasashen Larabawa, wadda babban aikinta shi ne nuna wanda ya shigo fili da inda yake.

Amfaninsu na gaskiya yana cikin gaggauta ceto. Mutumin da ya zame daga hawa na takwas kuma ɗamarar tsaro ta riƙe shi yana reto bai tsira ba tukuna, domin jini yana taruwa a ƙafafunsa, kuma OSHA ta yi gargaɗin cewa hakan zai iya kai shi ga suma har da mutuwa cikin ƙasa da minti 30. Haka mai walda da ke aiki shi kaɗai a wani lungu na gini da dare, idan ya faɗi babu wanda zai sani sai da safe. Amfani na biyu shi ne sanin adadin mutane. Lokacin da bene mai hawa 21 da ake ginawa a unguwar Ikoyi a Legas ya rufta ranar 1 ga Nuwamba 2021, mutum fiye da 40 suka rasu, kuma masu ceto sun shafe kwanaki suna tono ba tare da sanin takamaiman yawan waɗanda ke ƙarƙashin ɓaraguzai ba. Tsarin da ke rubuta wanda ya shiga da hawan da aka gan shi na ƙarshe zai rage wannan laluben. Sai dai in za a faɗi gaskiya, littafin rajista a bakin ƙofa, wanda mai gadi ke cikawa da gaske safe da yamma, yana yin babban kaso na wannan aikin da kuɗi kaɗan.

Rauninsu kuma a fili yake. Babu na'urar da za ta riƙe birkila idan katakon da yake takawa ya karye. Dokar gini a Amurka ta wajabta kariya ga yawancin masu aiki a tsayin da ya kai ƙafa 6, kusan mita 1.8, kuma kariyar da ake nufi ita ce shinge a bakin dekin, ko raga a ƙasa, ko ɗamara mai igiya da aka ɗaure a wuri mai ƙarfi. Wanda bai sayi waɗannan ba, ya je ya sayi na'urar kai labarin faɗuwa, ya karkatar da kuɗin tsaro zuwa inda ba su hana komai. Bayan haka akwai ƙarar ƙarya. Lebura ya diro daga bayan tifa, ko ya cire bel ya jefar da shi gefe zai yi alwala, sai waya ta ɗauki kuka. Sannan dukkansu sun dogara ne da hanyar sadarwa, ko dai layin waya ko ƙananan turakun saƙo da ake kakkafawa a fili, kuma rodi da kankare suna rage ƙarfin saƙo, musamman a ƙarƙashin ƙasa. A ganina wannan na'ura ta babban fili ce mai hawa da yawa, ko wurin da mutane ke aiki a warwatse, ba ta gida mai hawa ɗaya ko biyu ba inda kowa yana ganin kowa.

Na'urar da ta fi kowace amsa tambayoyin nan biyu ita ce mai gano iska mai guba, kuma ita ce mafi tsufa a cikinsu, wadda ba a cika yi wa talla ba. Duk mai aikin da ke sa mutum ya shiga sokawe, ko rijiya, ko tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa, ko babbar magudana, da ita ya kamata ya fara. Tana gargaɗi tun iskar ba ta kai matakin kisa ba, kuma tana yin ƙara da walƙiya da girgiza a ƙirjin mai ɗauke da ita, ba ruwanta da ko akwai sabis ko babu. Irin wadda aka fi amfani da ita tana auna abubuwa huɗu a lokaci ɗaya. Tana auna oksijin, wanda a iska mai lafiya kashi 20.9 cikin ɗari ne, kuma tana kaɗawa idan ya sauka ƙasa da 19.5. Tana auna iskar H2S mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke fitowa daga bahaya da ruɓaɓɓen laka. Tana auna kabon monoksaid, wato gubar hayaƙin janareto da injin zuƙe ruwa, wadda ba ta da wari ko launi. Ta huɗu kuma ita ce iskar da ke kamawa da wuta.

Dalilin da ya sa ba za a dogara da hanci ba shi ne H2S tana kashe jin wari idan ta yi yawa. A wajen kashi 100 cikin miliyan, matakin da cibiyar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ayyana a matsayin haɗari nan take ga rai, mutum zai daina jin warin ya ɗauka iskar ta wuce, alhali a lokacin ne ta fi ƙarfi. Ta kuma fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a gindin rami take kwanciya, wanda ya leƙa daga baki ba zai ji komai ba. Mafi ciwo a irin wannan haɗari shi ne ba ya tsayawa kan mutum ɗaya. Na farko ya sauka ya yi shiru, na biyu ya bi shi don ya ɗauko shi, na uku ya bi na biyu. A wani gargaɗi da NIOSH ta fitar a 1986 ta ce fiye da kashi 60 cikin ɗari na waɗanda ke mutuwa a irin waɗannan ƙuntatattun wurare masu ƙoƙarin ceto ne. Na'ura ɗaya da aka zura da igiya ko da siririn tiyo kafin kowa ya sauka, a auna bakin rami da tsakiyarsa da gindinsa, za ta iya tsayar da wannan jerin tun bai fara ba.

A nan akwai zaɓi tsakanin iri biyu. Akwai ƙarama mai gano iska guda ɗaya tak, kamar BW Clip ta kamfanin Honeywell, wadda ake kunnawa sau ɗaya ta yi aiki shekara biyu ba caji, sannan a yar da ita. Akwai kuma mai huɗu, kamar Altair 4XR ta MSA ko X-am 2500 ta Dräger, wadda ake caji kuma ta ninka ƙaramar tsada sau da yawa. Arhar ƙaramar tana jan hankali, amma wadda aka yi don H2S ba ta san oksijin ya ƙare ba, kuma ƙarewar oksijin kaɗai ta isa ta kashe mutum a rijiya ko tanki. Saboda haka mai huɗun ce tilas, ƙananan kuma ƙari ne ga sauran masu sauka. Abin da ake yawan mantawa shi ne hidimarta. Kowace safiya kafin amfani sai an fesa mata iskar gwaji daga ƙaramar tukunya an ga ta yi ƙara, ana kuma daidaita ma'auninta lokaci zuwa lokaci, sannan ƙwayoyin da ke jin iskar suna tsufa cikin 'yan shekaru ko ana amfani da su ko ba a yi. Wanda zai saya ya fara tabbatar da inda zai riƙa samun tukunyar gwajin, domin na'urar da ba a gwadawa tana iya nuna lafiya alhali ta daina ji.

Ga masu aikin hanya, da haƙa, da duk filin da tifa da katafila da gireda ke kai-kawo cikin mutane, abin dubawa shi ne na'urar gargaɗin kusanci. Ma'aikaci yana sanye da ƙaramin tambari mai aika saƙo a riga ko hula, injin kuma yana ɗauke da abin da ke jin tambarin, idan suka kusanci juna sai na jikin mutum ya girgiza, na gaban direba ya yi ƙara. Wannan ma tana gargaɗi kafin haɗari kuma ba ta buƙatar intanet, amma ingancinta ya danganta da fasahar da ke ciki. Masu amfani da Bluetooth sun fi arha, sai dai kuskurensu yana kai mita biyu ko fiye, kuma jikin mutum kansa yana tare saƙon idan ya juya baya. GPS ba ta dace da wannan aiki ba, domin kuskurenta na 'yan mitoci ne ko a sarari, kuma tana ɓacewa a ƙarƙashin gada ko dekin. Fasahar UWB, wani nau'in saƙon rediyo na gajeren zango, tana auna tazara da kuskuren da yawanci bai wuce santimita 30 ba, don haka ita ce ta fi dacewa da inda mutane ke aiki dab da injin. Akwai kuma masu amfani da maganaɗisu, waɗanda ƙura da shinge ba su cika dame su ba, irin fasahar da ta yaɗu a ma'adinan kwal na ƙarƙashin ƙasa a Amurka bayan dokar 2015 da ta wajabta na'urar gano kusanci a injinan haƙa.

Matsala biyu ce ke tattare da su. Idan aka faɗaɗa da'irar gargaɗi, ƙarar za ta riƙa kaɗawa duk yini har ta zama kamar ƙugin janareton maƙwabci, wanda kunne ke sabawa da shi ya daina ji, kuma direban da ya gaji zai nemi hanyar kashe ta. Idan kuma aka matse da'irar, gargaɗin zai zo lokacin da babbar mota ba za ta iya tsayawa ba. Matsala ta biyu ta fi shafar filayen da ba su da shinge. Injin yana ganin mai tambari ne kawai. Mai tallan abinci, da yaron da ke sayar da ruwa, da ɗan acaɓa da ya kutsa ta gefen aikin hanya, babu ko ɗayansu da ke sanye da komai, kuma direban da ya saba dogara da ƙara yana iya rage duba madubi. Inda jama'a ke ratsa fili, kyamarar da ake ɗora wa injin don ta gane siffar mutum ta fi tambari dacewa, ko da yake ƙura da duhu suna rage mata gani. A kowane hali, mai ba da hannu a bayan mota lokacin da take ribas, da raba hanyar motoci da ta masu tafiya a ƙasa, ba abubuwa ne da na'ura za ta maye gurbinsu ba.

Zaɓin da ya fi wuya, kuma ya fi shafar mai gini a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, shi ne na zafi. A waɗannan garuruwa zafin rana yana haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos tsakanin Maris da Mayu, kuma a farkon Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai 48.5. Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2024 cewa ma'aikata biliyan 2.41 ne ke aiki cikin matsanancin zafi, kuma kusan mutum 18,970 ke mutuwa a kowace shekara sakamakon haka. Hanya biyu ce a gaban mai saye: ko ya auna kowane mutum, ko ya auna wurin.

Hanyar auna mutum ita ce ɗamarar damtse, irin ta kamfanonin Kenzen da SlateSafety. Tana ƙidayar bugun zuciya ta hanyar haska fata, tana auna zafin fata da yawan motsi, sannan manhaja ta yi lissafi ta ƙiyasta zafin cikin jiki. A lura da cewa ƙiyasi ne, domin babu abin da ke kan fata da zai auna cikin jiki kai tsaye. Masana lafiyar aiki sun daɗe da sanya digiri 38 a matsayin iyakar da bai kamata zafin cikin jikin ma'aikaci ya daɗe a samanta ba, kuma daga 40 ne zafi ke taɓa ƙwaƙwalwa, mutum ya ruɗe ko ya suma. Tazarar ƙanƙanuwa ce, don haka kuskuren rabin digiri ba ƙaramin abu ba ne. Gumi, da ƙurar siminti, da girgizar hannu lokacin dukan guduma duk suna dagula karatun hasken, sannan baƙar fata ta fi shanye koren hasken da yawancin irin waɗannan na'urori ke amfani da shi. Wannan bai sa su zama marasa amfani ba, amma haƙƙin mai saye ne ya nemi kamfanin ya nuna masa a kan waɗanne irin mutane aka gwada na'urar, da kuma a wane irin yanayi.

Hanyar auna wuri kuwa na'ura ɗaya ce da ake kafawa a fili, mai baƙar ƙwallo a kanta, wadda ke haɗa zafin iska da laima da ƙunar rana da kaɗawar iska ta fitar da lamba guda da ake kira WBGT. Da wannan lambar ƙasashe ke kafa doka. A 2021 Katar ta haramta aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi na yamma tsakanin 1 ga Yuni da 15 ga Satumba, ta kuma wajabta tsayar da aiki a kowane lokaci idan WBGT ya haura 32.1. Saudiyya tana hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Japan kuma, daga Yunin 2025, ta tilasta wa masu ɗaukar aiki tanadin matakan gaggawa a inda WBGT ya kai 28 ko zafin iska ya kai 31 na wani tsawon lokaci. Wannan ma'auni yana nuna abin da ma'aunin zafi na gama-gari ke ɓoyewa. A busasshen zafin Afrilu gumi yana bushewa nan take, jiki yana samun sanyi amma ruwa yana ƙarewa da sauri ba tare da mutum ya lura ba. Idan laima ta shigo gab da faɗuwar damina, lambar da ke kan ma'aunin zafi tana iya raguwa kaɗan alhali haɗarin ya ƙaru, domin gumi ya daina bushewa.

Idan kuɗin na abu ɗaya ne, ma'aunin wuri nake ba da shawara ba tare da jinkiri ba. Guda ɗaya yana kare kowa da kowa, har da leburan da aka ɗauka yau da safe, ba ya buƙatar rajistar wata-wata, kuma hukuncinsa a bayyane yake ga kowa: lamba ta kai kaza, a koma inuwa. Inda ɗamarar damtse ta fi shi shi ne ta san cewa mutane ba ɗaya ba ne. Wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba, da mai hawan jini ko ciwon suga, da dattijo, da sabon zuwa, za su galabaita tun lambar wuri ba ta kai iyaka ba. OSHA ta ce kusan uku cikin huɗu na mutuwar zafi a wurin aiki suna faruwa ne a makon farko na kama aiki, shi ya sa NIOSH ta ba da shawarar sabon ma'aikaci ya yi kashi 20 cikin ɗari kawai na aikin rana a yinin farko, a riƙa ƙara masa abin da bai wuce haka ba kowace rana. Don haka tsarin da ya fi ma'ana shi ne a sayi ɗamara kaɗan, goma ko ashirin, a riƙa ɗaura wa sababbi da masu rauni da masu aiki mafi nauyi kamar ɗaukar kwanon kankare ranar zuba dekin, maimakon a raba wa kowa.

Sai dai duk hanyar da aka ɗauka, akwai abin da zai iya rushe ta. Leburan da ake biya jinga, bisa yawan bulon da ya ɗauka ko kwanon da ya kai sama, idan damtsensa ya girgiza ya ce masa ya huta minti goma sha biyar, lissafin kuɗin cefane zai yi, kuma zai ci gaba da aiki. Muddin hutun zafi yana rage wa mutum abin da zai kai gida, ba za a huta ba. Dole ne a biya lokacin hutun, a kuma tanadi rumfa da ruwan sha kusa da inda ake aikin. Haka nan a watan azumi, wanda daga 2023 zuwa 2025 ya yi ta faɗowa cikin Maris da Afrilu, na'urar da ke cewa a sha ruwa ba ta da abin da za ta faɗa wa mai azumi. Abin da ke aiki a lokacin shi ne sauya jadawali, a fara bayan sallar asuba a tashi kafin rana ta take, a kai aiki mai nauyi zuwa bayan buɗa-baki.

Sauran na'urorin ba sa buƙatar dogon bayani, domin kowace ta wani rukunin ma'aikata ce. Abin hannu mai gano wutar lantarki, irin na Proxxi, yana girgiza idan hannu ya kusanci waya mai wuta, kuma ya dace da masu aikin lantarki a matsayin kariya ta biyu bayan kashe layi da gwada shi. Agogon HAVwear na kamfanin Reactec a Sukotland yana lissafin girgizar da hannu ya sha daga injin fasa kankare, wadda ke kashe jijiyoyin yatsu a hankali, kuma ya samu kasuwa ne saboda dokar Birtaniya ta 2005 da ta ƙayyade yawan girgizar da aka yarda da ita a yini. Hular SmartCap ta Ostareliya tana karanta alamun gyangyaɗi a ƙwaƙwalwa, kuma an fi amfani da ita ga direbobin manyan motocin ma'adinai. Na'urori masu lura da yadda mutum ke sunkuyawa kuwa sun fi amfani a ɗakunan ajiyar kaya fiye da filin gini, inda aiki ke canzawa kowace awa.

Farashin da aka rubuta a takardar ciniki ba shi ne ainihin kuɗin ba. Masu gano faɗuwa da masu auna zafin jiki yawanci ana biyan kuɗin hidimarsu ne kowane wata a kan kowane mutum, kuma da dala, don haka duk lokacin da naira ta faɗi kuɗin ya tashi, ranar da aka daina biya kuma na'urar ta zama fanko. Ana buƙatar wurin cajin na'ura hamsin kowane dare a filin da wataƙila janareto kaɗai ke ba shi wuta, da mutum guda da zai raba su da safe ya karɓa da yamma. Zafi yana rage rayuwar batir, ƙurar hunturu tana shiga duk ƙofar da ta samu, saboda haka a nemi mai alamar IP67, wadda ke nuna ƙura ba ta shiga kuma tana jure ruwa, ko sama da haka. A kuma duba ƙarfin kamfanin da kansa, domin DAQRI, wanda hularsa mai gilashin kwamfuta ta yi suna sosai a wani lokaci, ya rufe a 2019. Sannan kada a huda hular kwano don ɗaura wani abu, domin huji yana raunana ta.

Maganar amana ma tana cikin lissafi. Na'urar da ta san inda mutum yake da bugun zuciyarsa ta san minti nawa ya yi a masallaci ko a wurin mai abinci. Ranar da aka fara yanke wa wani albashi da wannan bayani, washegari za a ga na'urori rataye a jikin ƙusa. A Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman, don haka ya kamata a rubuta tun farko me ake tattarawa, wa zai gani, tsawon wane lokaci za a ajiye, a kuma karanta wa ma'aikata da harshen da suke ji. Foman ba ya buƙatar ganin bugun zuciyar kowa, abin da yake buƙata shi ne ya san wane ne ya kamata ya koma inuwa yanzu.

Idan aka haɗa duk wannan, nau'in aikin ne ke yanke hukunci. Mai haƙa sokawe da rijiya da magudana ya sayi na'urar iska mai huɗu da tukunyar gwajinta kafin komai. Mai aikin hanya ya fara da gargaɗin kusanci na UWB a kan injinan da suka fi ja da baya cikin mutane, ko kyamara idan jama'a na ratsa wurin. Duk mai aiki a rana a yankin Sahel ya kafa ma'aunin WBGT, ɗamarar damtse ta biyo baya idan akwai hali. Mai gina dogon bene ya kammala shinge da ɗamara da igiya tukuna, sannan ya duba na'urar gano faɗuwa da ƙidayar mutane. Mai ƙaramin gini kuwa, kuɗinsa sun fi amfani a hula mai igiyar haɓa, da takalmi, da katako mai kyau na takawa.

Kowace aka zaɓa, kada a sayi da yawa a karon farko. A nemi kamfanin ya ba da 'yan kaɗan a gwada na wata guda a kan ƙungiya ɗaya, a tsakiyar aiki na gaske. A rubuta mutum nawa ne har yanzu suke sanye da ita a lokacin tashi, sau nawa ta yi ƙarar ƙarya a yini, da kuma minti nawa ake ɗauka tsakanin kaɗawar ƙararrawa da isowar wani wurin mutumin. A gwada ta a ɗakin ƙasa da bayan tulin rodi, a kuma kashe intanet da gangan a ga abin da zai rage yana aiki. Idan kamfanin ya ƙi yarda da gwaji kafin ciniki, ko ya kasa faɗin inda za a gyara na'urar da samun kayanta a cikin ƙasa, a nemi wani.